Kyamarar da Ke Makancewa Lokacin Ƙwallo

Da hantsi aka sanar da Sufeto cewa bindigar da ke ɗakin ajiyar shaida ta yi ɓatan dabo. Bai tsaya wata-wata ba, ya sa aka kulle Baba mai shara, tunda shi ke shiga can kullum. Tsohon yana rantsuwa, Sufeto ko kallonsa bai yi ba.

Aka buɗe hoton kyamarar tsaron ɗakin na jiya da yamma. Wayam!

Sufeto ya juya ga Kofur mai gadin ɗakin. "Kofur, kana ina lokacin?"

"Bakin ƙofa, yallaɓai. Ban motsa ba."

Sufeto ya kira injiniyar da ta haɗa musu intanet. Ta jona kwamfutarta da na'urar raba intanet ɗin, ta daɗe tana dubawa.

"Yallaɓai, hoton kyamara gutsure-gutsure yake tafiya zuwa ma'ajiya. Idan hanya ta cushe, sai gutsuren su jira a layi cikin na'urar nan, kamar bencin asibiti. Benci na cika, wanda ya zo zubar da shi ake."

"To me ya cushe hanyar?"

"Waya ɗaya aka fifita, aka rage wa kyamara wurin jira." Ta sassauta murya. "Taka ce. Kai ka ce in gyara, wai ƙwallo na tsinke maka."

Wallahi Sufeto ya so ƙasa ta tsage ya shige. Jiya da yamma yana ofis, ƙafa kan tebur, yana kallon ƙwallo a waya, yana ihun a buga.

"Amma ba duka ke zubewa ba," in ji ta. "Wasu kan samu gurbi."

Ta tattaro abin da ya tsira, hotuna tsilla-tsilla. A ɗaya ga Kofur nan tsugune, hannunsa cikin akwatin da bindigar take.

Da aka nuna masa bai yi musu ba.

"Ni na ɗauka, tana gidana. Yallaɓai, kowa a nan ya sani, in ka kunna ƙwallo kyamara makancewa take. Shi ya sa ni na zo na tuna maka an fara wasa."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi.

Sufeto ya karɓi makulli, ya buɗe wa tsohon da kansa.

"Baba, ka yafe ni."

Baba ya kakkaɓe rigarsa bai ɗago ba.

"Jikata ce ta kawo min abinci ɗazu, yallaɓai. Ta cikin ƙarfen nan ta miƙo min."