Tsohon Ƙwai a Shagon Alhaji Bamanga

Hadari ya rufe unguwar Jekadafari da hantsin Asabar, shagon ɗinki ya yi duhu. Rabe, babban telan, ya danna makunni, sai dogon ƙwan lantarkin da ke saman teburin yanka ya tarwatse. Saudatu mai sa maɓalli ta dafe ido tana salati.

Kafin Sufeto Titus ya iso an wuce da ita asibiti. Nehemiah mai wayarin kuwa yana zaune a ƙasa, an ɗaure shi da igiya, leɓensa na jini.

"Ku kwance shi," in ji Titus.

"Macuci ne, ranka ya daɗe!" in ji Alhaji Bamanga, mai shagon. "Na sayo ƙwayayen LED ɗin nan marasa cin wuta, na ce ya liƙa min su a tsofaffin gidajen ƙwai, don ba ni da halin sauya komai da komai. Ya kwashe sababbin, ya mayar min da tsofaffi."

Titus ya hau teburi. Sauran ƙwayayen duk bakinsu ya yi baƙi, alamar tsufa. Ya sauko ya tsuguna gaban Nehemiah.

"Yaushe ka yi aikin?"

"Alhamis, Yallaɓai. Na cire cok, baƙin ƙarfen nan da ke tare wa tsohon ƙwai ƙarfin wuta, na haɗa waya kai tsaye. Sabon ba ya buƙatarsa. Mun gwada, ya kama."

"In an sa tsoho a haka fa?"

"Ga shi ka gani."

Titus ya ja Rabe gefe, don shi ma yana riƙe da mabuɗin shagon.

"Ni na riƙe masa tsani," in ji Rabe. "Ya tara mu ya ja mana kunne kada wanda ya mayar da tsoho, har Alhaji ya ce masa ya cika wa'azi kamar fasto."

"Duk kuna nan?"

"Ban da Ibrahim Khalil, ɗan Alhaji. Ya kai ɗinki garin Kwadon."

"Tsofaffin ƙwayayen ina suka tafi?"

"Alhaji ba ya yar da ko karyayyar allura. Suna sito a gidansa."

Aka kira Ibrahim Khalil. Ya shigo yana kaɗa mabuɗin mashin.

"Ofisa, ni fa ban san komai ba."

"Ban ce ka sani ba. Mamaki kawai nake, yadda ƙwai zai fashe haka."

"Ai shi ne! Ƙwai lafiyayye, a gidansa na da, me zai fasa shi in ba aikin banza ba?"

"Wa ya ce maka lafiyayye ne?"

Yatsan ya daina kaɗa mabuɗin.

"Ka gwada su ke nan kafin ka ɗauko," in ji Titus. "Ina kake yini in ba ka nan?"

Rabe ne ya amsa, kansa a ƙasa: "Ya buɗe gidan kallon ƙwallo a unguwar Malam Inna."

Titus ya tura kurtu gidan kallon. Bai daɗe ba ya dawo da sababbin ƙwayayen a ɗaure cikin zanin gado, lambar mai shagon da ya sayar wa Alhaji tana jikinsu.

"Alhaji, abin a fili yake," in ji Titus. "Wanda ya mayar da tsofaffin ya ɗauka za su kama kamar da, ba wanda zai ɗaga kai ya lura. Nehemiah ya san za su fashe, ɓarawo kuwa ba ya haɗa wa kansa ƙararrawa. Rabe ya ji gargaɗin. Saura wanda bai ji ba, kuma sito a hannunsa yake. Jiya kuna masallaci ya yi musanyar."

Alhaji ya zauna a kan buhun ƙyalle. Kurtu ya fita da yaron ta ƙofar baya.

"Nehemiah," in ji Alhaji a hankali, "ka yi haƙuri. Shaiɗan ne. A bar maganar a ɗakin nan."

Nehemiah ya goge leɓe, ya dubi taron da ke cike da layin. Rabinsu shi ya yi wa wayarin gida.

"A waje aka kira ni ɓarawo, Alhaji. A waje za ka faɗa. In ba haka ba, gobe wa zai bar ni in shiga ɗakinsa?"

Alhaji ya dubi Titus. Titus yana kallon rufi.

Dattijon ya miƙe da ƙyar, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga hannu har surutu ya lafa.

"Jama'a, ba mai wayarin ba ne," in ji shi.

"To wane ne, Alhaji?" wani ya tambaya daga baya.

Ya daɗe yana riƙe da ƙyauren.

"Ɗana ne."