Ƙofar da ke Kallon Falo

Ranar da siket ɗin amarya ya ƙi rufuwa, surukarta ce ta fara lura. Inna tana zaune a falo, inda take yini kullum, idonta a kan kowace ƙofa ta gidan. Ta ga yarinyar ta fito dafe da mararta ta gefen hagu, fuska a yamutse. Murmushi ta yi, ta tashi ta ɗauke tsintsiyar kafin yarinyar ta kai hannu.

Amaryar tela ce, mai hannu kuwa. Mijinta kafinta, autan Inna. Gyaran teburin keken ɗinki ne ya haɗa su, ya yi ta komawa gyaran teburin da babu abin da ya same shi har aka ɗaura aure. Yana kiranta 'Yar Allura, ita kuma in sun keɓe ta ce masa Sarkin Ƙusa.

To, gidan ɗaki biyu ne da falo, banɗaki ɗaya tal, ƙofarsa ta siririn katako tana kallon kujerar Inna. Ko tari ka yi a ciki sai an ji. Yarinya mai kunya, tun da ta tare ta ƙudurce cewa suruka ba za ta taɓa jin motsinta a can ba. In buƙata ta taso sai ta matse, ta ce anjima. A shago kuma banɗakin na haɗaka ne da masu gyaran babur, don haka ta rage shan ruwa, ta yini a kan keke da burodi da lemon kwalba. Wautar yaran yanzu ke nan, su iya latsa waya, su kasa sauraron cikinsu.

Kafin kafinta ya dawo, Inna ta gama yanke hukunci. Ta tare shi tun daga bakin ƙofa ta ce ya fara neman katako mai kyau, baƙo na tafe. Ya kalli matarsa, ita kuwa ta sunkuyar da kai, shi ke nan aka ɗauki sunkuyon a matsayin amsa.

Gida ya cika da murna. Inna ta hana ta shara, ta hana ta zuwa shago a ƙafa, ta dinga ɗura mata madara da ƙwai da nama, ta sayo babban baho na wankan jariri, maƙwabta duk suka ji. Ciki kuwa ya ƙara ɗaurewa, ya yi tauri a gefe guda, iska na kai-komo a ciki. 'Yar Allura ta san ba juna biyu ba ne, don ta ga al'adarta. Tsoro iri biyu ya kama ta: kada wani mugun ƙari ne ke girma a jikinta, kada kuma ranar da gaskiya ta fito a ce ta yaudari gida, mijin ya juya mata baya.

Wata rana da hantsi ta biya ta wurin aikinsa, ta iske shi yana goge gadon jariri, yana fito. Ya ce ta taɓa ta ji santsi. Tana taɓawa sai hawaye. Nan, a cikin ƙurar katako, ta faɗa masa komai, har da maganar ƙofar.

Ya ajiye abin gugar. Ya daɗe yana kallon gadon, don ba ƙarya, ya sa rai. Sannan ya share mata fuska da hannunsa mai ƙura, ya bar mata fari a kumatu.

"Wato wata da watanni kina wahala saboda ƙofar da ni na haɗa da hannuna? Tashi mu je asibiti. Gado zai jira, ke ce ba za ki jira ba."

Inna ta yafa mayafi ta bi su, a zatonta awo za a fara. Likitar, mace ce mai fara'a, ta yi gwajin fitsari, ta danna cikin, ta sa aka ɗauki hoto don ta tabbatar babu ƙullutu a jakar ƙwai ko a mahaifa, domin su ma suna kawo irin wannan kumburi. Komai lafiya lau, ciki kuma babu. Ta ce ƙarshen babban hanji a gefen hagu yake, bayan gida ne ya taru ya bushe, iska ta rasa hanya. Ta rubuta maganin sassauta ciki na ɗan lokaci, ta ce a sha ruwa sosai, a ƙara ganye da 'ya'yan itace sannu a hankali, a bar lemon kwalba, a rage madara in tana tayar da ciki, a dinga tashi daga keke ana taka ƙasa, kuma kada a sake matsewa. In an ga jini, ko zazzaɓi, ko rama, ko ciwo mai tsanani, ko kumburin ya ƙi sauka, a dawo ba jira.

Da aka koma gida Inna ta sauke fushinta: an mayar da ita abin dariya a unguwa, yarinya ta zuba ido ana sayen baho, wa ya san me kuma take ɓoyewa. Ta daina amsa gaisuwarta. 'Yar Allura kuwa kullum ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye mata shayi, ta ba da haƙuri.

Autan ne ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarsa, ya nuna mata ƙofar, ya nuna kujerarta, ya yi mata bayani a hankali. Tsohuwa ta kalli ƙofar, ta kalli kujerar. Ta sa aka kira amaryar.

"Ke, 'yar nan, ni dodo ce? Yara nawa na wanke wa kashi da hannun nan? Kin kusa halaka kanki don kada in ji abin da kowa ke yi?"

Ta fara da faɗa, ta ƙare da dariyar da ta sa ta share ido da gefen mayafi.

Kafinta ya toshe tsohuwar ƙofar, ya fasa sabuwa mai kauri ta baya. Kumburi ya sauka, siket ya rufu. Bahon jariri ya koma na wanke ganye, gadon kuma aka lulluɓe shi da zane, Inna ta ce ba ci yake ba, ba sha yake ba, ya jira lokacinsa. Kullum da safe ita ke raka surukar tata shago a ƙafa, da gorar ruwa a hannu, tana faɗan ta shanye.

Kunya ado ce, amma wadda za ta hana mace faɗa wa mijinta ciwonta ba tarbiyya ba ce, cuta ce. Miji na gari kuwa a irin wannan magana marar daɗin faɗa ake gane shi.

Har yau, da 'Yar Allura ta nufi baya, sai Inna ta miƙa hannu ta ƙure muryar rediyo, ta kau da kai kamar labarai take saurare. Sabuwar ƙofar ba ta buƙatar haka. Babu dai wanda ya taɓa gaya wa Inna.