Surukin da Ke Cin Tuwo da Ɓarayi

Tun da sassafe Iya Dije take tsugune bakin rariya tana dirzar akushi da toka, kai ka ce kare ne ya sa baki a ciki. Ta ɗauraye, ta sansana, ta yamutsa fuska, ta sake ɗibar toka.

"Iya, za ki huda shi fa," in ji 'yarta Saudatu.

"Gara ya huje! A'uzubillahi! Ashe hannun da ya ci tuwona jiya shi ne shekaranjiya a kasuwar Yako cikin kwano ɗaya da Lado! Lado ɓarawon awaki, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba! Wai har yana tambayarsa labarin ƙuruciyarsa. Tir!"

Abdussalami take nufi, ɗan garin Ƙofa, wanda aka sa wa rana da Saudatu. Bayan ya gama kwaleji a Zariya aka tura shi jami'a a Ingila, yanzu ya zo hutu, saura shekarar ƙarshe. An yi alkawari in ya dawo da digirinsa za a ɗaura aure. Duk Kiru an ɗauka alkali zai zama ko likita, sai ga shi yana bin waɗanda ko sallamarsu ba a amsawa.

Malam Gwadabe, mahaifin Saudatu, ya shigo fuska a murtuke.

"Jiya a masallaci ana ta kallona. Ni Gwadabe, tun kakannina ba a taɓa kama ɗan gidan nan da ko allura ba! Abokin ɓarawo ɓarawo ne. Ran Juma'a za a mayar musu da kayansu."

"Baba, don Allah ka saurare shi. Kwas ɗinsa ne ya..."

"Kwas ɗin uwaki! Tashi ki ba ni wuri!"

Saudatu ta shige ɗaki tana kuka. Ba abin da ya fi ƙona mata rai irin yadda iyayenta ke tofar da yawu in an ambaci sunansa, alhali watannin baya su ne ke yawo da shi a baki, surukinmu na Ingila, surukinmu na Ingila.

Da la'asar ta fita ɗebo ruwa, ta same shi gindin tsamiya ya jingine kekensa.

"Na ji labari," ya ce.

"Kai ma, Malam, duk karatun duniya ka rasa na yi sai na ɓarayi?"

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Kashi biyu ne, Saude. Saikoloji, wato sanin abin da ke zuciyar ɗan Adam, da kuma sanin abin da ke kai shi ga laifi. Farfesanmu kullum a lacca cewa yake, kowa na tambayar me ya ɗauka, ku ku tambayi me aka ɗauke masa. Lado awakin da ya fara sata na gadon ubansa ne, kawunsa ya cinye. Ban ce sata halal ce ba. Amma in ba wanda zai zauna da shi, gobe gun wa zai koma in ba gun ɓarayi ba?"

"To ni fa? Gun wa zan koma?"

Da ƙyar ya ce, "Ki yi haƙuri. Ran Juma'a zan zo in durƙusa wa Baba."

Ana cikin haka sai wata fitinar ta taso. An jima ana rasa kaya a unguwar: yau zanen goyo ya ɓace daga kan danga, gobe hular jariri, jibi majanyi. Mata suka haɗa baki, wa zai yi in ba Lado ba? Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da gardi mara mata zai yi da hular jariri. Aka aika garin Doguwa aka kirawo Ubale mai tsintsiya, wanda ke sarƙa tsintsiya biyu a wuyan mutum yana surkulle, wai in shi ne ɓarawon sai su shaƙe shi. Kuma tun da Ubale ya fara wannan sana'a, tsintsiyarsa ba ta taɓa shaƙe mai babbar riga ba.

Ran Juma'a da hantsi aka tasa ƙeyar Lado zuwa ƙofar mai unguwa. Malam Gwadabe yana zaure yana jiran masu mayar da kaya, Abdussalami yana durƙushe gabansa, ko kallonsa ba ya yi.

Saudatu ta shiga ɗakin yayarta Luba don ta kai mata kunu. Luba ta zo gida wankan jego ne bara, jaririn ya rasu kafin arba'in. Tun daga nan ba ta koma ɗakin mijinta ba, kullum tana zaune jugum, an yi rubutu an yi hayaƙi, shiru. Saudatu ta tarar da ita ta ba ƙofa baya, ta tuntsurar da wata tukunya, ta baje kaya a kan tabarma tana shafawa. Ga zannuwan goyo, ga majanyai, ga 'yan huluna.

Ƙwaryar kunu ta kusa suɓuce mata. Ƙyama ce ta fara taso mata. Yaya Luba! A gidan da ba a taɓa kama kowa da allura ba! Ta ce a ranta gara ta rufe, ba wanda ya sani. Sai ta jiyo ihu daga ƙofar mai unguwa: "Ta kama shi! Ta shaƙe shi! A kawo bulala!"

Ta tattare kayan ta fita da gudu, ta zube su gaban mahaifinta.

"Baba, a saki Lado. A gidanka suke."

Malam Gwadabe ya dubi kayan, ya dubi saurayin da ke durƙushe. Ya figi sanda ya yi cikin gida. "Ina take? Yau sai na tsine mata! Ɓarauniya a zuri'ata!"

"Baba!" Abdussalami ya bi shi har bakin zana ya tsaya, don bai isa ya shiga ba. "Don girman Allah, tambaya ɗaya. Ga taskirar Iya, ga rumbu cike da dawa. Ta taɓa ɗaukar wani abu a ciki?"

Tsohon ya tsaya cak.

"Kayan jarirai kaɗai take ɗauka, kuma ba sayarwa take ba. Da yaron ya rasu, ta yi kuka?"

Iya Dije ce ta amsa, a fusace. "Kuka? Ɗan fari ne fa! Mu ba mu haifi mara kunya ba. Ko yana raye ba ta ɗaukarsa gaban mutane. Ranar da ya rasu na ce mata kada in ga hawaye, kuma ban gani ba."

Da alfahari ta faɗa, nan ne abin takaicin.

"Saude," Abdussalami ya ce a hankali, "je ki zauna kusa da ita. Ki tambaye ta sunansa."

An fito da Luba tsakar gida, tana tsugune ta rufe kai. Saudatu ta zauna ta kama hannunta.

"Yaya, yaya sunan ɗanki?"

Luba ta dubi uwarta a tsorace. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba, yaron nan kawai take cewa.

"Mamman," ta ce. Sai ta fi ƙarfi, "Mamman! Sunansa Mamman! Iya, yana da ɗan tabo a kunnensa, ba ku bar ni na goya shi ba ko sau ɗaya!"

Ta kurma wani irin kuka da sai da kajin gidan suka watse. Sanda ta faɗi daga hannun Malam Gwadabe. Iya Dije ta tako kamar mai koyon tafiya, ta durƙusa ta rungume ta. Ita ma Luba 'yar farinta ce, tun da ta haife ta waccan take ce mata.

"Luba," ta ce. "Luba, yi kukanki. Ni na cuce ki."

Malam Gwadabe ya goge ido da hannun riga. Da kansa ya kwashi kayan ya tafi ƙofar mai unguwa, ya tarar har an yi wa Lado bulala. A gaban jama'a ya faɗi inda aka same su, ya roƙi Lado gafara. Ubale mai tsintsiya kuwa ba wanda ya ga fitarsa daga garin.

Da ya dawo ya sami masu mayar da kaya sun iso, ya sallame su. Ya juya ga Abdussalami ya ce, "Je ka gama karatunka, ɗana. Ni da na yi ƙyamar ɓarawon wani gida, yau da ba don kai ba da na tsine wa 'yata."

Da kaka Luba ta koma ɗakin mijinta da ƙafarta. Saudatu ta yi jiran shekara, aka ɗaura aure ya tafi da ita Kano.

Haƙuri dai ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kuma kafin ka tofa wa mai laifi yawu, ka tsaya ka ji ciwonsa, don ba ka san wanda ke kuka a ɓoye cikin gidanka ba.