Yaron da Ya Bi Motar Mufattish

A wani ƙauyen Hausawa a yankin Jazira, an yi wani yaro ɗan makaranta mai ƙoƙari. Sai dai ba ya iya zama wuri ɗaya. Kullum idonsa yana kan hanyar birnin Wad Madani.

Burinsa ya zama babban ma'aikaci, mai farin wando da agogo.

"Inna, ni ba zan tsufa cikin taɓo ba," in ji shi.

Innarsa ta yi dariya. "To, kafin ka zama babba, zo ka kai wa Babanka abinci gona."

Babansa, Malam Yakubu, yana da hawasha, wato gonar auduga da ake ba ruwa daga tur'a, babbar hanyar ruwa. Yana da ɗan ƙodago mai suna Almu, wanda ya zo aikin damina daga nesa.

Wata Juma'a, Malam Yakubu zai tafi garin Dinder duba ƙanensa marar lafiya. Ya kira ɗansa.

"Na buɗe wa auduga ruwa. In rana ta take tsaka, ka toshe bakin ruwan da laka. Almu yana can yana noman dawa. Kada ka matsa ko'ina."

"To, Baba."

Yaron ya zauna a bakin ruwa. Ya tashi, ya koma ya zauna. Ya jefa dutse a ruwa. Rana ta ƙi tafiya.

Can sai ga mota ta tsaya a kan hanya. Mufattish ne, mai duba gonaki. Ya leƙo ya yi tambaya da Larabci.

"Kai yaro, ina hanyar ƙauyen gaba?"

Murna ta kama yaron. Ya ce a ransa, "In na burge shi, ƙila ya tafi da ni birni."

"Ranka ya daɗe, bari in shiga in nuna maka!"

Ya shiga mota. Yana ta zuba Larabci, yana faɗin na ɗaya ya zo a aji. Da suka isa, mutumin ya yi masa godiya, ya shiga aikinsa. Shi ke nan.

Yaron ya tsaya shi kaɗai. Sai a lokacin ya tuna da ruwa.

Ya sheƙa a guje. Kafin ya iso, la'asar ta yi. Ruwa ya cika gonarsu, ya fasa kunya, ya malale gonar maƙwabcinsu Gambo. Ƙananan tsiron auduga duk sun nutse.

Washegari Malam Yakubu ya dawo, ya tarar da Gambo yana faɗa.

"Mi ya faru?" ya tambayi ɗansa.

Yaron ya sunkuyar da kai. "Cikina ne ya yi ciwo. Na ce wa Almu ya toshe, shi ne ya manta."

Almu ya buɗe baki. "Wallahi, maigida, ko ganinsa ban yi ba!"

Amma Malam Yakubu ya yarda da ɗansa. Ya ce wa Almu ya tattara kayansa, gobe ya nemi aiki a wani wuri. Almu ya juya. Ya dubi yaron kawai, ya wuce.

Yaron ya kasa cin tuwo. Da safe a makaranta ma ya kasa karatu. Yana ta juye-juye a kan benci, yana leƙen taga.

Ustaz Jibirin, malamin ajinsu, ya kira shi waje.

"Ɗana, yau ba lafiya ba. Gaya mini."

Yaron ya fashe da kuka, ya faɗi komai.

"Yanzu ina Almu?"

"Yau zai hau lori, Ustaz. Yana da mata da 'ya'ya a garinsu."

"To, mi kake jira? Ruga!"

Ya ruga gida, ya tarar da Babansa yana wasa fartanya.

"Baba, ƙarya na yi! Ni na bar ruwan, na bi mota. Almu bai san komai ba."

Malam Yakubu ya ajiye fartanyar. Fuskarsa ta canza.

"Ɓarnar ruwa ana gyara ta. Amma ka sa na zalunci bawan Allah. Wuce mu tafi."

Suka sami Almu a bakin hanya, ya riga ya ɗora ƙunshinsa a kan lori. Yaron ya durƙusa a gaban mutane.

"Baffa Almu, ka yafe mini."

Almu ya dube shi. Sannan ya sauke ƙunshin, ya ɗaga yaron.

"Tashi. Na yafe. Amma kai za ka ɗaukar mini kayan nan har gida."

Mutane suka yi dariya. Yaron ya ɗora ƙunshin a ka.

Kullum bayan makaranta, sai ya tafi gonar Gambo. Ya gyara kunyar da ta fashe, ya sake shuka. Hannunsa ya yi kanta, amma bai yi ƙorafi ba. Almu yakan zo ya taya shi, suna hira. Audugar ta fito, ta yi kyau, har Gambo ya sa masa albarka.

Daga nan yaron ya gane cewa son ci gaba ba laifi ba ne. Amma duk mai son ya zama babba, sai ya fara riƙe amana, ya faɗi gaskiya, kuma kada ya ɗora laifinsa a kan marar ƙarfi.