Fitilar da Tanko Ya Nutsar

Ku matso nan. Ilu, kashe tocilan ɗin nan. Ke kuma Ladidi, in kin san za ki jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu.

Kun san Tanko mai gyaran rediyo, na Unguwar Masunta? Wanda ba ya kallon mutum in yana magana? To, da ba haka yake ba.

Tun da mahaifiyarsa ta rasu gidan ya zama shi kaɗai. 'Yan'uwansa duk suna Kudu. In ya dawo daga shago ba mai ce masa sannu. Sai ya samo bulo da siminti ya gina tankin kifi a bayan ɗaki, ko ya samu abin da ke motsi a gidan. Ya sayi 'ya'yan tarwaɗa a hannun wani masunci a bakin tafki, dab da magariba. Bai tambayi inda aka kamo su ba.

A cikinsu akwai wata fara fat. Da rana ba a ganinta. Sai dare ya yi take tasowa, ta tsaya a gefen da yake zaune. Yana jin motsinta, ba ya ganinta. Ya riƙa yi mata hira: wanda ya kawo rediyo yau, abin da ya ci, mafarkin Inna da ya yi. Wallahi ni abin tausayi yake ba ni.

Masu kiwon kifi a sama suke rataya fitila, ƙwari su taru su faɗa ruwa, kifi ya ci. Kowa ya san haka. Tanko kuwa ba ƙwari ne damuwarsa ba, fuskarta yake son gani. Ya samo batirin babur da ƙwan tocilan da tsohuwar kwalbar zuma. Ya huda murfin, ya zura waya, ya narka roba ya toshe ramin. Ya ɗaura wa kwalbar dutse, ya nutsar da ita har ƙasan tanki. Sannan ya haɗa wayar.

Ruwa ya haska. Ga ta nan, tana kallonsa. Tanko ya yi dariya shi kaɗai, karo na farko tun rasuwar Inna.

Abin da bai sani ba, fitilar sama mu muke ganinta. Ta cikin ruwa kuwa, mutanen ruwa ne ke gani.

Dare na uku, kwaɗi suka yi tsit.

"Sannu da aiki."

Ba sallama. Muryar kamar ta mai magana a cikin tulu. Ƙofar gida kuwa da sakata.

Wani dogon dattijo ne tsaye a bakin tanki, rigarsa na ɗiga. Wata biyu ba a yi ruwan sama ba. Tanko ya sunkuyar da kai don girmamawa, sai idonsa ya sauka a ƙafafun. Yatsun a haɗe suke da fata, irin na agwagwa.

"Baba, daga ina?"

"Wata bakwai ina nemanta. Yau na hango haske."

Farar ta taso, ta ɗora kai a tafin hannun dattijon.

 Tanko ya san abin da ya kamata ya karanta, ya kuma karanta. Amma ba tsoro ne ya fi cin sa ba.

"Baba, ka kwashe sauran duka. Ka bar min wannan."

"'Yata ce."

"Ita kaɗai nake magana da ita."

Dattijon ya kalli ruwa.

"Ni ma haka," ya ce.

 Da hannunsa Tanko ya ɗebo ta a bokiti. Ya ɗauka, ya bi hanyar tafki, dattijon na bayansa. Ba ya jin taku, sai ɗigar ruwa. Ɗis. Ɗis. A bakin tafki ya durƙusa ya karkata bokitin. Ta zagaya sau ɗaya, ta nutse.

"Koma gida. Kada ka waiwaya. Na bar maka abu."

Da Tanko ya dawo, ya cire wayar daga batiri don ya kwanta. Fitilar ba ta mutu ba. Ya yanke wayar da almakashi. Tana nan tana ci.

Shekara shida ke nan. Ni da idona na leƙa ta katanga, kada wani ya ce ƙarya nake yi. Sauran kifin ya rabar tuni. Ruwa ne kawai da kwalba tana haske a ƙasa, Tanko na zaune a gefe, yana ba ruwan labarin abin da ya ci yau.

Saboda haka hanyar tafkin nan, in magariba ta yi, kada in ji ɗayanku ya bi ta shi kaɗai. In kun ji ɗigar ruwa a bayanku, ku yi ta tafiya. Ilu, saki hannuna. Kunna tocilan ɗin ka raka Ladidi ɗaki.