Fumfuna a Rumbun Isuwa

Duk wanda ya san kasuwar Birnin Kebbi ya san Isuwa mai hatsi, mutumin Gwadangaji, wanda ransa kan tafasa in ya ga motar wani.

Shekarar da ruwa ya shiga rumbunsa, masara da gyaɗa suka yi fumfuna, kore-kore, sai wari. Ya kasa zubarwa, ya kasa zama. Ya hau babur sai wajen wani boka a fadamar bayan Argungu.

Rana tsaka ce, amma bukkar duhu ƙirin. Busasshen kan giwan ruwa na rataye, baki buɗe. A ƙasa baƙar tukunya cike da ruɓaɓɓen gero, tana motsi kamar mai numfashi.

"Mi kaka so?" in ji bokan.

"Kayana su shiga, Baba."

"Barbaɗa tokar ga, kowane ido tsaba zai gani fes. Amma ciki ba a rufe mai ido."

"Mi zan biya?"

"Ba kai ba. Masu ci."

Isuwa ya ce, "Ai ban san su ba."

Bokan ya yi dariya.

Kaya suka ƙare. Isuwa ya shiga bin Ambursa da Zauro yana kwashe ruɓaɓɓen hatsi da arha. Ya yi bene, ya sayi mota. Ya kafa doka: kada a ci komai na shagonsa a gidansa.

Sai dai matarsa Riskuwa wajen maƙwabciyarsu Dupe take sayen ƙuli-ƙuli da mai, ita kuwa Dupe wajen Isuwa take sarin gyaɗa.

Idanun 'yarsu Humaira suka yi rawaya, cikinta ya kumbura. Priscilla, nas ɗin da ta duba ta, ta ce, "Alhaji, hantarta ta lalace. Dafin hatsi mai fumfuna ne, wuta ba ta kashe shi. Ina kuke sayen abinci?"

Aka binne Humaira. Ƙanenta ya bi ta. Riskuwa ta kwanta, ba ta tashi ba.

Ya ruga fadama. Babu bukka, sai ruwa.

Yau yana nan gindin benen, yana kankare fatar hannunsa da wuƙa, wai fumfuna ce ke tsirowa. In an miƙa masa tuwo sai ya kurma ihu.

Kai mai kwaɗayin dare ɗaya, ji tsoron Allah. Kasuwa ba ta tambayar ɗan wa zai ci.