Ɗakin Sirrin Gilang

"Mama, me ya sa mutumin can yake ta kallon Anti Nenden, alhali ga kwamfutarsa a gabansa?"

Da ƙarfi 'yata Dinda ta yi tambayar, har mutanen teburin kusa suka waigo. Abincin rana muka kai wa ƙanwata Nenden wurin wata gasa a nan Bandung, inda ake haɗa baƙi uku-uku a ba su kwana biyu su ƙirƙiro gem. Saurayin ya daburce, hannunsa ya ture kofi a kan kibod.

"Ba ita nake kallo ba, zanenta nake kallo," in ji shi.

"Zanen a fuskata yake, Kang?" Nenden ta tambaye shi tana miƙa masa hankici. Kang muke kiran namiji a nan, kamar a ce Yaya.

Gilang ke nan. Shi ke rubuta kod, Nenden na zane da ƙananan ɗigo-ɗigo, ta ukunsu kuma Wulan ce, mai haɗa kiɗa. Ba su ci gasar ba, amma ba su rabu ba. Suka ci gaba da gem ɗinsu na wata tsohuwa da ke ratsa lunguna cikin ruwan sama don ta sayar da wainar surabi kafin ta huce.

Wata takwas wayar Nenden ba ta huta da kiran Gilang ba.

"'Yar ɗigo-ɗigona! Tsohuwar ta daina faɗawa kwata! Zo ki gani kafin in sake ɓata ta!"

"Ka ci abinci?"

"Na ƙoshi da murna."

"Ka ci abinci, ko in zana ka da kan kwaɗo a mataki na uku."

Bai ci ba, ita kuwa ta zana. Tun daga nan take kiransa Kwaɗona.

Ni dai ban saki jiki ba sai da na bincika. Na gano yana sallah, duk Lahadi yana zuwa Garut gaida mahaifiyarsa, kuma kullum sai ya tabbatar Nenden ta ɗaure hular kwano kafin ya tayar da babur. Hankalina ya kwanta. Na Abah, mahaifinmu, bai kwanta ba. Tsohon malamin lissafi ne.

"Me kake sayarwa?" ya tambaye shi ranar da ya zo gaisuwa.

"Gem, Abah."

"Shekara talatin ina ƙwace irin wannan a hannun ɗalibai. Yanzu kuma in ɗauki 'yata in ba mai ƙera shi? Sha shayinka."

Gilang bai karaya ba. Masu wannan sana'a suna da wata al'ada: sukan ɓoye ɗaki a cikin gem, sai mai naci ke gano shi. Ya gina nasa a mataki na bakwai, bayan wata shuɗiyar ƙofa da Nenden ta zana irin ta gidanmu. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba suka tura gem ɗin ga masu gwaji arba'in. Ranar Alhamis da hantsi Wulan ta saka hoto a gurup ɗinsu. Ɗaki ne cike da furanni, ga rubutu a tsakiya:

"Wulan, tun ranar da kofi ya zube nake sonki. Za ki aure ni?"

A ƙarƙashinsa ta rubuta: "Na amince, Kang!!!"

A kicin na tarar da Nenden, shinkafa na ƙonewa ba ta ma sani ba.

"Teteh, furannin nan ni na zana su," ta ce mini, don Teteh take kirana, wato Yaya. "Cewa ya yi na kasuwar cikin gem ne."

Saƙon Gilang ya shigo, da Neng ɗin da yake kiranta: "Neng, don Allah ki saurare ni, kuskure ne!" Ta toshe lambarsa. Ya zo gida, Abah ya sallame shi daga bakin ƙofa.

Sai dai Abah ba ya yanke hukunci da hoton waya. Ya ce sai ya ga hujja da idonsa. Ya sa tabarau, ya zauna gaban kwamfutar Nenden, gem ya nemi suna, ya buga nasa da yatsa ɗaya: Tatang.

Ranar farko sau sittin tsohuwar ta faɗa kwata. Rana ta biyu muka ji shi yana ihu, "Tsallaka, Inna, tsallaka!" Shayinsa ya huce a gefe. Rana ta uku bayan la'asar sai ya ƙwala kira.

"Nenden! Zo ki karanta mini wannan, ko idona ne!"

Muka shiga a guje. Ga furanni, ga rubutu:

"Tatang, tun ranar da kofi ya zube nake sonki. Za ki aure ni?"

Nenden ta dafe baki. Dariya da kuka suka zo mata tare.

"Sunan mai wasa ya sa! Wayyo Kwaɗona, sakarai!"

Aka kira Gilang. Ya iso gumi sharkaf, ya durƙusa.

"Na ga saƙonka," in ji Abah, fuska a ɗaure. "Na yi tunani. Ba zan aure ka ba."

Gilang ya yi bayani. Duk maganar da ke cikin gem ɗin, sunan da mai wasa ya shigar take ɗauka, hannunsa ya saba, sai ya yi haka a nan ma. Sannan kwafin da ya tanadar wa Nenden ita kaɗai shi ya tura wa kowa.

"Mutum nawa ka nema ke nan?"

"Goma sha ɗaya zuwa yanzu, Abah. Har da wani direba a Medan. Shi ma ya ƙi."

Abah ya cire tabarau ya goge. Ya ce mahaifiyarsa surabi ta sayar ta sa shi a makaranta, kuma tun rasuwarta bai ƙara jin ruwan sama irin na mataki na biyar ba.

"Wanda ya mantar da ni shayina kwana uku yana da sana'a. Amma 'yata ba a bayan katanga ake nemanta ba. Ka turo iyayenka, ta ƙofar gaske."

Gilang ya juya wajen Nenden. "Neng, da bakina yanzu, da sunanki. Nenden, za ki aure ni?"

"Ka fara zuwa ka ba Wulan haƙuri," ta ce. "In ka dawo, eh."

Wulan ta yi sati biyu ba ta kula su ba, kuma tana da gaskiya. Amma ita ta haɗa kiɗan bikin. Bisa al'adarmu aka watsa wa ango da amarya shinkafa da alawa, suka ja gasasshiyar kaza tsakaninsu, Nenden ta tashi da babban rabo, Dinda na tsalle. Abah ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a mai albarka, muka amsa da amin.

Kai kuma mai karatu, in kana da wadda kake so, ka kira sunanta da bakinka, kuma ka duba abin da za ka tura kafin ka danna. Ba kowane uba ne zai yi kwana uku yana tsallake kwata don ya wanke ka ba.